Kafin Mu Share Sunan Wani Daga Kwamfuta

Jawabin da aka gabatar a zaman ƙara wa juna sani na malaman firamare na wannan reshe

 An ɗora mana nauyin yin magana a kan wani al'amari da ake yi wa kallon ƙarami, alhali yana yawan kai malamai shagon mai gyara, wani lokaci ma ya haddasa saɓani tsakanin abokan aiki. Al'amarin kuwa shi ne yadda ake cire asusun da ba a bukata daga kwamfuta, da abin da ya kamata a yi idan asusun ya ƙi ciruwa. Za mu taƙaita bayaninmu a kan Windows 10 da Windows 11, domin su ne a kan mafi yawan kwamfutocin da ke ofisoshin makarantunmu da gidajenmu. Sunayen wuraren da ake dannawa za mu faɗe su yadda suke a rubuce a fuskar na'urar, don kada wanda ya koma gida ya rasa su.

Mene ne asusu, kuma yaya yake taruwa?

Idan muka kunna kwamfuta, kafin ta buɗe takan nuna mana suna ɗaya ko fiye, ta nemi kalmar sirri. Kowane suna daga cikinsu shi ne asusu, wanda wasu ke kira akawun. Hanya mafi sauƙi ta fahimtarsa ita ce mu ɗauki kwamfutar tamkar gida mai ɗakuna. Sunan da ke fuskar na'urar shi ne rubutun da ke jikin ƙofa, kalmar sirri ita ce makulli, kayan ɗakin kuwa suna cikin wata jaka mai sunan mai asusun a ƙarƙashin babbar jakar da ake kira Users a rumbun kwamfutar. A nan takardunsa suke, da hotunansa, da duk abin da ya sauke daga intanet, har da kalmomin sirrin da manhajar shiga intanet ta adana masa. Asusu iri biyu ne ta fuskar iko. Akwai mai cikakken iko, wanda aka rubuta Administrator a ƙarƙashin sunansa, shi ne maigida, yana iya buɗe sabon ɗaki ko ya rushe tsoho. Akwai kuma na gama-gari, wanda ikonsa bai wuce ɗakinsa ba.

Duk mun san yadda sunaye ke taruwa. An yi wa malami canjin wurin aiki, ya tafi ya bar nasa. Shugaban makaranta ya yi ritaya, nasa yana nan. Mai yi wa ƙasa hidima ya zo ya yi shekara guda yana taya mu buga sakamako, ɗalibin kwalejin ilimi ya zo koyon aikin koyarwa na 'yan watanni, mai gyara ya buɗe wa kansa asusu don ya yi aikinsa bai rufe ba. A gida kuma yaranmu ne da ƙannenmu. Kafin a ankara, kwamfuta ɗaya tana ɗauke da sunaye shida ko bakwai, rumbunta ya cika, ta fara nauyi, sai wani ya ce a share su gaba ɗaya a huta.

Haɗari biyu da ke gabanmu

Barin waɗannan sunaye haɗari ne, share su da garaje shi ma haɗari ne, kuma wajibi ne mu san nauyin kowanne. Idan muka bar asusun wanda ya bar aiki a buɗe, musamman mai cikakken iko, mun bar makullin ofis a hannun wanda ba ya cikin makaranta, da duk wanda ya taɓa gaya wa kalmar sirrinsa. Mu tuna abin da ke cikin na'urar nan: sunayen yara da ranakun haihuwarsu, lambobin wayar iyaye, makin jarrabawa, tambayoyin zangon da ba a kai ga yi ba, wani lokaci har da bayanin rashin lafiyar wani yaro ko halin da gidansu ke ciki. Iyaye ba su ba mu waɗannan bayanai don su yi yawo ba. A watan Yunin 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda ta kafa hukuma ta musamman don wannan aiki. Daga cikin abin da dokar ta tanada akwai cewa duk mai riƙe da bayanan mutane ya kare su daga hannun wanda ba shi da izini, ya kuma kare su daga ɓacewa, sannan ta ba bayanan yara kulawa ta daban. Mu lura da kyau, dokar ta haɗa abu biyu: kada bayani ya faɗa hannun bare, kada kuma ya salwanta.

Salwantar ita ce haɗari na biyu. Alal misali, a ce malamar aji shida ce ke riƙe da makin gwaje-gwajen yara tun farkon shekara, duk a cikin asusunta. An yi mata canji a tsakiyar zango, wanda ya gaje ta ya ga sunanta ya tsaya masa a ido, ya danna ya share. Abin da aka share ta wannan hanya ba ya zuwa kwandon shara na kwamfuta balle a je a ɗauko shi. Ranar haɗa sakamako sai a tarar babu makin yara, a shiga kiran waya da zargin juna, ƙarshe a zauna ana ƙiyasin maki da ka, a zalunci yaron da ya yi ƙoƙari. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Saboda haka saƙonmu na yau guda ɗaya ne. Share asusu shi ne mataki na ƙarshe a cikin miƙa ragamar aiki. Mu malamai mun san wannan tsari tun kafin zuwan kwamfuta: wanda zai bar makaranta yakan miƙa rajista da kundin darasi da makullin kabad, a duba a sa hannu, sannan a sallame shi. Mafi yawan matsalolin da za mu ambata nan gaba suna tasowa ne daga tsallake wannan tsari.

Abubuwa huɗu kafin a taɓa komai

Na farko, a tantance sunayen. A danna maɓallin Windows, a rubuta cmd, a zaɓi Run as administrator, sannan a cikin baƙin allon da ya buɗe a rubuta net user a latsa Enter. Kwamfuta za ta jero dukkan asusun da ke cikinta, har da waɗanda ba sa fitowa a fuskar shiga. A nan mutane da yawa ke firgita, domin za su ga sunayen da ba su sani ba: Administrator, Guest, DefaultAccount da WDAGUtilityAccount. Waɗannan huɗun da su Windows ke zuwa, a rufe suke tun asali, kuma ba ta yarda a share su. A bar su yadda aka same su. Wani lokaci akan ga defaultuser0, wanda saura ne daga lokacin da aka fara ɗora Windows, ba alamar ɓarawo ba ce. Sauran sunayen kuwa a rubuta su a takarda, a gaban kowanne a rubuta mai shi. Sunan da aka rasa mai shi a ware shi gefe, za mu dawo kansa.

Na biyu, a sanar da mai asusun, a kwashe kaya. Abin da ya fi dacewa shi ne ya zo da kansa ya buɗe, ya ware na makaranta ya miƙa, ya ɗauki nasa a filash. A wannan zama ne zai fita daga imel ɗinsa da Facebook da WhatsApp da ya haɗa da kwamfutar. Idan ya yi nisa, a kira shi a nemi izininsa, sannan mai cikakken iko ya shiga jakarsa a ƙarƙashin Users ya kwafe abin da ke cikin Desktop da Documents da Downloads da Pictures zuwa wani rumbu na waje. Bayan an kwafe a buɗe wasu daga cikin takardun a tabbatar suna buɗewa. A kula da fayilolin da ke da alamar gajimare a gefensu: waɗannan suna can a OneDrive na mai asusun, sunansu kawai ke kan na'urar, kuma sai shi ya shiga da intanet za su sauko.

A nan akwai wani hali mai nauyi da ya kamata mu ambata, wato asusun abokin aikin da ya rasu. Takardun makaranta na makaranta ne, amma hotunan iyalinsa da wasiƙunsa da lissafin bashi ko na adashi da ya rubuta haƙƙin magadansa ne. Kada mutum ɗaya ya buɗe shi kaɗai. A buɗe a gaban shugaban makaranta da shaida, a ɗauki na aiki ba tare da bin diddigin sirrinsa ba, a kwafe sauran a miƙa wa iyalansa, sannan a share.

Na uku, a nemi makullan da ba a gani. Kwamfutoci da yawa na zamani suna kulle rumbunsu da wani tsari mai suna BitLocker, kuma makullin ceto na wannan tsari lamba ce mai alƙaluma 48. Sau da yawa lambar tana ajiye ne a asusun Microsoft na mutumin da ya fara saita na'urar. Idan shi ne ya tafi, makullin ya tafi tare da shi, kuma ranar da kwamfutar ta nemi lambar bayan wani gyara, ba mai gyaran da zai iya buɗe rumbun sai dai a goge komai. Don haka kafin a rabu da shi, a rubuta BitLocker a wurin bincike na kwamfutar, ko a duba Device encryption a cikin Settings, idan an ga tsarin a kunne a fitar da lambar a buga ta a takarda, a adana a kabad ɗin shugaban makaranta. Haka nan fayil ɗin da aka ga ɗan ƙaramin kwaɗo a jikin hotonsa, mai asusun ne ya kulle shi da makullin da ke cikin asusunsa. Shi zai cire kullen kafin a share, in ba haka ba fayil ɗin zai zauna a gabanmu muna ganinsa ba ma iya karanta shi.

Na huɗu, a tabbatar akwai wani asusu mai cikakken iko wanda muka san kalmar sirrinsa, muka kuma shiga da shi muka gani da idonmu. Gidan da aka kori maigida ba a naɗa wani ba, ko ƙusa ba a iya bugawa a cikinsa: ba a ɗora manhaja, ba a cire ta, ba a ƙara kowa.

Idan akwai sauran shakka bayan waɗannan matakai, akwai hanya ta tsakiya, wato a rufe asusun ba tare da an share shi ba. A wancan baƙin allo a rubuta net user, sai sunan asusun, sai /active:no. Idan sunan kalma biyu ne a sa shi tsakanin alamun zance. Sunan zai ɓace daga fuskar shiga, ba mai iya shiga da shi, amma kayansa suna nan daram. Ranar da aka bukace shi sai a maimaita umarnin da /active:yes. Shawararmu ita ce a bar asusun malamin da ya tafi a haka har zango ya ƙare, a ba yara sakamako, sannan a share. Sannu ba ta hana zuwa.

Yadda ake sharewa

Hanya ta farko ita ce ta Settings, sai Accounts, sai Other users, ko kuma Family & other users gwargwadon irin Windows ɗin da ke kan na'urar. A danna sunan, a zaɓi Remove. Kwamfuta za ta yi gargaɗi da kalmomin Delete account and data, ma'ana za ta share asusun da duk kayan da ke cikinsa. Wannan hanya ba ta rage komai, don haka ba a bin ta sai an gama kwashe kaya.

Hanya ta biyu ita ce ta Control Panel, sai User Accounts, sai Manage another account, a zaɓi sunan, a danna Delete the account. Ita wannan tana ba da zaɓi biyu, Keep Files ko Delete Files. Wanda ya zaɓi na farko, za a tara masa wasu daga cikin kayan a sabuwar jaka a fuskar kwamfutarsa. Sai dai a nan akwai rami. Jakar Downloads ba ta cikin abin da ake ajiyewa, alhali a can ne takardun da aka turo wa malami ta imel ko WhatsApp suke sauka. Kada mu dogara da wannan zaɓi ya maye mana gurbin kwashe kaya da hannu.

Ya kamata kuma mu sani, cire asusun Microsoft daga kwamfuta ba ya rufe shi a intanet. Imel ɗin mai shi da abin da ke OneDrive ɗinsa suna nan yadda suke. Wannan zai kwantar da hankalin abokin aikin da ke fargabar za a ɓatar masa da imel.

Idan asusu ya ƙi ciruwa

Ruwa ba ya tsami banza. Duk lokacin da kwamfuta ta ƙi bin umarni akwai dalili, kuma dalilan da aka fi cin karo da su ba su da yawa.

Idan an nemi maɓallin Remove an rasa, ko sauran sunayen ba su bayyana ba sam, mafi yawa asusun da muke ciki ne ba shi da cikakken iko. A duba ƙarƙashin sunanmu a Accounts. Haka kuma ba mai iya share asusun da yake zaune a cikinsa a wannan lokaci, sai ya fita ya shiga ta wani.

Idan kwamfuta ta ce mai asusun yana ciki, alhali ya bar gari tun makon jiya, abin da ya faru shi ne bai fita ba, murfin kawai ya rufe ko aka sauya suna aka bar nasa a buɗe ta baya. A latsa Ctrl da Shift da Esc tare, a shiga sashen Users, a zaɓi sunansa a fitar da shi. Sake kunna kwamfutar ta hanyar Restart ma yana warware wannan.

Idan asusun na yaro ne da aka sa a ƙarƙashin tsarin iyali na Microsoft, a Windows 10 za a ga zaɓin hana shi shiga kawai, babu na cirewa. Sai wanda ya kafa rukunin iyalin ya shiga shafin Microsoft a intanet ya cire shi daga can tukuna.

Idan an share suna amma har yanzu wani adireshin imel yana fitowa yana neman kalmar sirri, wannan ba asusun shiga kwamfuta ba ne, imel ne da aka liƙa wa wani asusu. Ana samunsa a Accounts, ƙarƙashin Email & accounts ko Access work or school, inda za a ga Remove ko Disconnect.

Idan sunanmu ne ya fito sau biyu a fuskar shiga, ɗaya yana buɗewa ɗaya ba ya buɗewa, kada mu yi gaggawar neman na sharewa, domin galibi asusu ɗaya ne. Yakan faru ne idan an taɓa saita kwamfutar ta riƙa buɗewa ba tare da kalmar sirri ba, daga baya aka canza kalmar ko sunan. A latsa maɓallin Windows da R, a rubuta netplwiz, a mayar da alamar da ke cikin akwatin da ke cewa dole mai shiga ya rubuta suna da kalmar sirri, sannan a sake kunnawa.

Idan an share asusu amma rumbun bai sami sarari ba, to an cire rubutun ƙofa ne an bar kayan ɗaki. Haka ke faruwa idan an yi amfani da umarnin net user tare da /delete, wanda ke cire sunan ya bar jakar. A latsa Windows da R, a rubuta sysdm.cpl, a shiga Advanced, a ƙarƙashin User Profiles a danna Settings. Za a ga waɗanda aka rubuta wa Account Unknown, su ne ɗakunan da masu su suka tafi. A duba girmansu da kwanan watansu, a tabbatar an kwashe abin bukata, sannan a share daga nan. Idan maɓallin ya dushe, a sake kunna na'urar a gwada. Muna jan kunne a kan shiga Users a share jaka da hannu alhali asusunta yana raye, domin ranar da mai shi ya shiga, kwamfuta za ta ba shi ɗakin wucin gadi wanda duk abin da ya ajiye a ciki ke ɓacewa da zarar ya fita. Jakunkunan Public da Default kuma na Windows ne, ba a taɓa su.

Akwai kuma wani zato da ya kamata mu kawar. Wasu na ganin idan an share asusu bisa kuskure, sai a buɗe sabo da suna iri ɗaya komai ya dawo. Windows ba da suna take gane mutum ba, kowane asusu yana da doguwar lambar shaida tasa wadda ba a maimaita ta. Kamar yara biyu ne masu suna ɗaya a rajista, kowa da lambar shigarsa. Sabon asusun baƙo ne a wurinta ko da sunan bai bambanta da harafi ɗaya ba. Wanda ya share abu mai muhimmanci bisa kuskure, abin da ya fi masa shi ne ya kashe kwamfutar nan take ya kai wa ƙwararre, domin kowane sabon abu da aka ajiye yana iya hawa kan gurbin wanda ake son cetowa.

Saura sunan nan da muka ware gefe, wanda ba na Windows ba ne kuma ba wanda ya san mai shi. A fara tambayar mai gyaran da ya taɓa riƙe na'urar, domin sau da yawa nasa ne, wasu manhajoji ma kan buɗe wa kansu asusu. Amma idan yana da cikakken iko, ko aka share shi ya sake dawowa, a ɗauki abin da muhimmanci. A cire kwamfutar daga intanet, a rufe asusun, a shiga Windows Security a yi cikakken bincike, har da irin wanda ake kira Offline scan, wanda ke sake kunna na'urar ya bincika ta kafin Windows ta gama tashi. Daga nan a canza kalmomin sirrin imel da na banki daga wata na'urar daban, a kuma sanar da shugaban makaranta idan akwai bayanan yara a ciki. Mu tuna cewa kamfanin Microsoft ya tsayar da 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar daina ba Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta da aka saba, don haka masu riƙe da ita su ƙara sa ido fiye da da.

Kwamfuta ta hannu

Da yawa daga cikinmu ta hannu muke saya, kuma sau da yawa takan zo da asusun wani a kanta, ko wanda mai shago ya buɗe ba kalmar sirri. A irin wannan hali bin sunaye ɗaya bayan ɗaya ɓata lokaci ne, domin ba mu san abin da aka dasa a ciki ba. A shiga Settings, a nemi Recovery, a zaɓi Reset this PC, sannan Remove everything. Aikin yakan ɗauki lokaci, kuma yankewar wuta a tsakiyarsa na iya lalata Windows ɗin, saboda haka a cika batir a kuma jona ta da wutar da aka amince da ita kafin a fara. Idan bayan an gama ta buɗe da sunan wani kamfani ko wata makarantar ƙasar waje tana neman imel ɗinsu, alama ce har yanzu tana cikin rajistarsu, kuma su kaɗai ke iya sakinta. A mayar wa mai shago. Shi ya sa ya fi kyau a yi wannan gwaji kafin a gama biyan kuɗi. Haka mu ma idan za mu sayar da tamu ko mu ba wani kyauta, mu goge ta ta wannan hanya, mu kunna zaɓin tsabtace rumbu da ke ciki, kada makin yaran mutane ya bi ta kasuwa.

Shawarwari ga makarantunmu

Rigakafi ya fi magani, kuma rigakafin nan ba ya cin ko kwabo. Muna ba da shawarar kowace kwamfutar makaranta ta kasance da asusu ɗaya mai cikakken iko da sunan makarantar, a rubuta kalmar sirrinsa a rufe a ambulan a wurin shugaban makaranta, mataimakinsa kuma ya san inda take. Kowane malami a ba shi asusu na gama-gari da sunansa, baƙi masu zaman wucin gadi su ma haka, a kuma rubuta ranar da za a rufe nasu tun ranar da aka buɗe. Makin yara da rajista a riƙa kwafe su zuwa rumbu na waje a ƙarshen kowane wata, kada su zauna a ɗakin mutum ɗaya. A cikin takardar miƙa aiki a ƙara layi uku: an karɓi fayilolin makaranta, mai tafiya ya ɗauki nasa ya fita daga imel ɗinsa, an karɓi lambar ceto idan akwai. A farkon kowane zango kuma a ware minti goma a rubuta net user a karanta sunayen kamar yadda muke kiran rajista da safe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Muna kuma roƙon reshe ya duba yiwuwar ware malamai biyu ko uku masu hannu a wannan fanni a kowace shiyya, waɗanda za a riƙa kira kafin a kai kwamfutar makaranta kasuwa. Na'urar da ke ɗauke da bayanan yara bai kamata ta kwana a shagon da ba mu san masu shiga da fita ba.

Kammalawa

'Yan'uwa malamai, wanda ya manta da duk sunayen maɓallan da muka lissafa bai yi asara ba, domin suna nan a rubuce a mujallar reshe, kuma kamfani kan sauya musu wuri daga shekara zuwa shekara. Abin da muke so ya zauna a zuciya shi ne jerin aikin: a san mai asusu, a sallame shi da kayansa, a karɓi na makaranta da makullansa, a rufe, a jira zango ya ƙare, sannan a share. A bayan kowane suna da ke fuskar kwamfutar nan akwai abokin aiki da ya zauna ya yi wahala, a cikin jakarsa kuma akwai yaran da iyayensu suka damƙa mana. Idan muka kiyaye haƙƙin waɗannan biyun, sauran aikin danne-danne ne kawai.

 Wanda ya zo da kwamfutarsa yana iya matsowa gaba bayan an tashi, mu duba sunayen da ke cikinta tare.